Mota Mai Ɗaki: Ka San Wutarta Kafin Ka Jona Ta

A hutun makaranta da ya wuce wata baƙuwar mota ta shigo unguwarmu a nan Kumasi, yara suka bi ta a guje har ƙofar gidan da ta tsaya. Girmanta ya kai na ƙaramar bas, amma da aka buɗe ƙofa sai ga gado, ga murhu, ga firji, ga makewayi har da wurin wanka. Wani ɗan unguwa da ke zaune a Amurka ne ya saye ta kwance, ya auno wa mahaifinsa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, domin dattijon ya riƙa kwana a ciki in ya tafi arewa sayen shanu.

Kwana biyu da zuwanta aka aiko a kira mu, saboda an san muna koyar da kimiyya. Tun daga zaure muka ji ƙaurin roba. Muka tarar da wata doguwar waya mai kauri ta fito daga gefen motar, an yanke kanta, an sa mata filogi mai ƙafa uku irin namu.

Muka ce, "Baba, wa ya yanke kan wayar nan?"

Ya ce, "Malam, jikana ne. Filogin da ta zo da shi ya ƙi shiga soket, shi ne ya canza. Ya ce mini ai wuta wuta ce."

A cikin ƙiftawar ido cajar batir ta ƙone, na'urar ɗumama abinci ta ƙone, iyakwandishan ya mutu. Allah ya taƙaita, ba a yi gobara ba, ba a kuma rasa rai ba. Amma wannan magana ta "wuta wuta ce" ita ta sa muka ga ya dace mu yi bayani, domin kuwa 'yan'uwanmu na ƙetare suna ta auno motoci, kuma direbobinmu da yawa sun mai da motocinsu ɗakin kwana mai fanka da firji.

Inda motar ta fito

Irin wannan mota ta daɗe a ƙasashen Turawa. A Amurka haruffa biyu kawai suke kiranta da su, RV, kuma mafi yawansu a garin Elkhart da kewayensa ake ƙera su, a jihar Indiyana. Kamfanin Winnebago na jihar Ayowa ya fara fitar da nasa masu inji a 1966. A Jamus kuwa tun cikin shekarun 1950 kamfanin Westfalia ya riƙa mai da ƙananan bas na Volkswagen ɗakin kwana. Mutanen can da su suke tafiya hutu, su yada zango a wasu filaye da aka tanada, inda kowace mota ke da ɗan ginshiƙi mai soket da aka yi daidai da filoginta, daidai kuma da ƙarfin wutar da take sha. Watau an gina motar ne don wutar ƙasarta. In ta ƙetare teku ta zo nan, soket ɗin zaure ko na shago za ta tarar, kuma shi bai san da zuwanta ba.

Wuta biyu a ɗaki ɗaya

Abu na farko da ya kamata mai irin wannan mota ya sani shi ne, wuta iri biyu ce a cikinta, kowace da wayoyinta.

Ta farko ita ce wutar batir, mai bolt 12. Ita ke kunna fitilu, da injin tura ruwa, da ƙananan fankoki, da na'urorin gargaɗi. Batir ɗin ma kashi biyu ne. Akwai na tayar da inji, wanda aikinsa ya ba da wuta mai yawa na 'yan sakan kaɗan. Akwai kuma na ɗaki, wanda aka yi shi don ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan har gari ya waye. Tsakaninsu akwai wata 'yar na'ura da ke haɗa su in inji na tafiya, domin altaneta ta cika su duka, ta kuma raba su in an kashe inji. In ta lalace ko wani ya tsallake ta da waya, sai mutum ya kwana da fanka ya tashi mota ta ƙi tashi a tsakiyar daji.

Ta biyu ita ce wuta irin ta gida, wadda ke shigowa ta doguwar wayar nan, ko daga janareta. Ita ke ɗaukar manyan kaya kamar iyakwandishan, hita, da duk abin da aka jona a soket.

Na'urori biyu ne ke kai da kawowa tsakanin waɗannan wutace. Caja tana karɓar wutar gida ta mai da ita bolt 12 ta cika batir. Inbata kuwa akasin haka take yi, ta ɗauki wutar batir ta mai da ita irin ta gida. Saboda haka ko an zare doguwar waya daga bango, in inbata na kunne, soket ɗin cikin mota yana iya kisa. Duk mai gyara ya kashe ta tukuna.

Ɗan lissafi

A aji mukan kwatanta wa yara lantarki da ruwan famfo. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya yawan ruwan da ke wucewa, wat kuwa aikin da ake samu. Bolt sau amfiya shi ke ba da wat. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin ilmin.

Wutar gida a Gana bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a sakan ɗaya. Haka take a Turai, da Nijeriya, kusan haka kuma a ƙasashen da ke kewaye da mu. Ta Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ce, sau 60 a sakan. Ke nan abin da jikan dattijo ya yi shi ne ya ɗura wa kayan motar kusan ninki biyu na abin da aka yi su su ɗauka.

Motocin Amurka filoginsu iri biyu ne. Mai ƙafa uku na amfiya 30 ne a kan bolt 120, watau wat 3,600. Mai ƙafa huɗu na amfiya 50 ne, yana ɗaukar har wat 12,000. To, a nan akwai wani tarko. A jikin mai ƙafa huɗu ana iya ganin an rubuta lambobi biyu, 120 da 240, ko 125 da 250, sai mutum ya ce ai ga shi tana shan irin tamu. Ba haka ba ne. Su a can layi biyu ne ke shigowa, kowane bolt 120, da wayar komawa a tsakaninsu, kuma yawancin kayan cikin motar layi ɗaya suke sha. Tamu kuwa bolt 230 ce cif a kan layi ɗaya. Ko a Amurka an sha ƙona kayan irin waɗannan motoci, inda mai gyara ya ga filogin amfiya 30 ya yi kama da na tsohon injin busar da tufafi, ya ja masa bolt 240. In 'yan gida sun yi wannan kuskure, ina ga mu?

Hanya biyu ce mafita. Ko a sami tiransifoma mai rage wuta daga 230 zuwa 120, wadda girmanta ya fi ƙarfin kayan da za a kunna, ko kuma a cire kayan bolt 120 baki ɗaya, da caja da bireka da soket, a sa irin namu. A sani cewa tiransifoma bolt kawai take canzawa, ba ta canza sau 50 zuwa sau 60. Injin iyakwandishan da aka yi don sau 60 zai riƙa juyawa a hankali da wajen kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa zafi, ya mutu da wuri. Don haka ga motar da ta zo zama, hanya ta biyu ta fi. Bugu da ƙari, filoginmu mai ƙafa uku fis ɗinsa amfiya 13 ne, watau wajen wat 3,000. Iyakwandishan da butar lantarki da dutsen guga ba za su taru a kansa lokaci ɗaya ba.

Motar da ta fito daga Jamus, Holan ko Faransa ba ta da wannan matsala, tun da wutarmu ɗaya. Filoginta shuɗi ne mai zagaye, na amfiya 16. Duk da haka a karanta rubutun da ke jikin kowace na'ura kafin a jona. Matambayi ba ya ɓata.

Baƙar waya

Launin waya ma ya sha bamban, kuma nan ne masu gyara suka fi faɗawa. A tsohon tsarin Ingila da muka gada, jar waya ce mai wuta, baƙa ce ta komawa, koriya ta ƙasa. A sabon tsari mai ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta komawa, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. A Amurka kuwa baƙar waya ita ce mai wuta, fara ce ta komawa. Wanda ya saba kama baƙar waya ba tsoro, a motar Amurka mutuwa ya kama. Har ila yau, a ɓangaren batir mun saba ja shi ne mai alamar ƙari, baƙi mai alamar ragi, amma a yawancin motocin ɗaki na Amurka baƙi ne na ƙari, fari na ragi. In aka juya su, caja ko firji na iya tafiya nan take. Kada a dogara da launi. A auna da mita.

In jikin mota ya ɗauki wuta

Wannan shi ne babban haɗari, kuma shi ya fi shafar yara. Gida a ƙasa yake, amma mota ƙarfe ce a kan tayoyin roba. In wata waya ta goge ta taɓa ƙarfe, wutar ba ta da hanyar sauka ƙasa sai ta wayar nan ta uku, wayar ƙasa. Idan soket ɗin da aka jona ba shi da ita, kamar yadda yake a tsofaffin gidajen haya da yawa, ko an yi amfani da wayar ƙari mai ƙafa biyu, to jikin motar duka ya zama waya mai wuta. Na ciki ba ya jin komai. Fitilu na ci, firji na aiki. Sai mutum ya yi alwala, ƙafa da lema, ba takalmi, ya kama hannun ƙofa, shi ya zama hanyar da wutar ke nema.

Saboda haka duk ranar da wani ya ce ya taɓa mota ya ji "zirr", ko kaɗan ne, a zare waya daga bango nan take, kada a mayar sai an gano dalili. Abin da ya ɗan tsikari babba mai takalmi a busasshiyar ƙasa yana iya kashe yaro a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ranar da aka yi ruwa.

Akwai wani irin bireka da aka yi don wannan. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta komo, in ya ga an sami giɓi ya san ta zurare ta wani wuri, sai ya katse. Na Turai yana katsewa a kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, na Amurka a wajen kashi 5. Za a gane shi da ɗan maɓallin gwaji a jikinsa. A danna shi kowane wata. In wuta ba ta ɗauke ba, ya mutu. Na cikin mota ba ya kare doguwar wayar da ke kwance a tsakar gida, don haka ya kamata a sa wani a bangon da ake jonawa.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar daga tushe. In ba hali, a ture shi da busasshen katako, a kira 112, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin wuta kan rikita bugun zuciya.

Batir

Mutane kan raina bolt 12 saboda ba ya jan mutum. Gaskiya ne, amma yana ta da gobara. In sifana ta haɗa kawunan batir biyu, ɗaruruwan amfiya ne ke bi ta cikinta, ƙarfen ya yi ja. Zobe ko agogon ƙarfe ma haka, a cire su kafin a sa hannu. In za a kwance batir, a fara da kan ragi. In za a ɗaura, shi ne na ƙarshe.

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in yana caji, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya isa ta fashe. Shi ya sa akwatinsa ke da huda zuwa waje. Kada a toshe ta don ƙura, kada a dawo da batir ƙarƙashin gado, kada a leƙa ruwansa da ashana. In ruwa ya ragu a ƙara ruwan batir tatacce, ban da na famfo ko na rijiya. In asid ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa har minti 15 a tafi asibiti.

Batir mai ruwa ba ya son a shanye fiye da rabinsa. In ya huta, mita ta nuna bolt 12.6 ko 12.7, cike yake. In ta nuna 12.2 ya kai rabi, a nemi caji. Alal misali, batir mai lamba 100 yana riƙe da wajen wat 1,200 na awa ɗaya, naka a ciki 600 ne. Fanka mai wat 50 da ƙananan fitilu huɗu masu wat 5 kowace za su kai ka wajen awa 8. Amma butar lantarki mai wat 2,000 in an jona ta a inbata, tana jan fiye da amfiya 170 daga batir, ba za a kai minti 20 ba ya durƙusa. Wannan lissafi ne ke nuna dalilin da ya sa wayar inbata take da kauri kamar yatsa, gajera kuma, da fis kusa da kan batir. Siririyar waya a wurin nan tamkar ashana ce. In fis ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Ɗaure shi da silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli, neman gobara ne.

Zafi ma yana rage wa batir kwana. Masana sun ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, don haka batir da zai yi shekaru a Jamus ba zai jure zafin Tamale ko Bolga kamar haka ba. A yanzu akwai batir na litiyom, wanda ya fi sauƙin nauyi, ana kuma iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa, amma sai da cajar da ta dace da shi. Farantin sola kuma kada a jona shi kai tsaye. Sai ta 'yar na'urar da ke daidaita caji.

Hayaƙin da ba a gani

Janareta yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ɗakin mota ƙarami ne, nan da nan take cika shi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, watau daidai abin da mu za mu ce zazzaɓin sauro ne mu sha magani mu koma mu kwanta. In mutum biyu ko uku a mota ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, a fita waje nan take.

Janareta na hannu a ajiye shi nesa, hukumomin lafiya na Amurka sun ce aƙalla ƙafa 20, wajen mita 6, bakin hayaƙinsa na kallon wani gefe. Wanda aka gina a jikin mota a duba salansarsa, kada a kunna shi a gareji ko kusa da katanga, kada kuma a yi barci yana aiki. Motocin nan kan zo da na'urar gargaɗin wannan iska, da wata kusa da daɓe don iskar gas, saboda gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sai dai na'urorin suna da wa'adi, galibi shekara 5 zuwa 7, kuma motar da ta iso nan takan girme wannan. A duba kwanan watan da ke bayansu a sake sababbi. A ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa. Ba a watsa wa gobarar lantarki ruwa.

Yadda ake jonawa

1. A kashe babban makunni na cikin mota da na bango.
2. A warware doguwar waya duka, domin in tana naɗe zafi take yi. A duba ko ta goge ko ɓera ya ci.
3. A fara sa ta a jikin mota, sa'an nan a bango.
4. A kunna na bango, sa'an nan na mota, a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya.
5. In fitilu sun dushe, alamar wuta ta yi rauni, a kashe iyakwandishan.
6. Wajen cirewa a fara da bango.

Kada kuma a taɓa yin waya mai filogi a kai biyu don a tura wutar janareta ko inbata cikin gida. Ƙafafun ɗaya kan suna ɗauke da wuta a fili, kuma wutar na iya komawa kan layi ta kashe ma'aikacin da ke bisa falwaya.

'Yan'uwanmu direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Tema zuwa Paga, Wagadugu da Yamai, wannan bayani naku ne ku ma. Motocinku galibi bolt 24 ne, batir biyu a jere. Jan wuta daga ɗaya kawai don fanka ko firji mai bolt 12 yana kashe su duka biyu. A sa na'urar da ke rage 24 zuwa 12.

Shi dai dattijon namu ya bi hanya ta biyu. Bakanike ya duba ɓangaren batir, aka kuma nemo mai aikin wuta mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi, kamar yadda dokar jan waya ta 2011 ta tanada ga gidaje, ya sake ɓangaren wutar gida. Kuɗi sun tafi ba kaɗan ba, kuma da an yi tambaya tun farko da rabinsu sun tsira. Jikan nasa yanzu shi ke riƙe da mita, kullum shi ke danna maɓallin gwaji kafin a tashi tafiya.

Masu 'yan'uwa a ƙetare, kafin a auno muku mota ku tambayi ƙasar da aka ƙera ta, da ƙarfin wutarta, ku ce a haɗo da littafinta. Cinikin biri a sama ba shi da daɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, sai mun sadu a wata mai zuwa.